TARIHIN FETUR MAI ETANOL: Yana Kashe Injin Motar Gudu Ne Ko Ƙarfi Yake Ƙara Mata?

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu shiga gareji. Ku yi haƙuri, rubutun yana da tsawo, amma duk mai mota, mai babur, ko mai ɗan janareta a shago zai samu abin ɗauka a ciki.

Ga yadda maganar ta taso. Wani bawan Allah ya kawo min wayarsa ta faɗa ruwa. Na kwance ta, na ɗauko sifirit da buroshi ina wanke bod ɗin, yana tsaye yana kallo. Sai ya ce, "Malam, wannan abin ba shi ne ake zubawa a fetur ba?" Ashe direba ne, maigidansa ya shigo da wata motar gudu mai ƙofa biyu, kuma a cikin murfin tankinta an rubuta E10. Wani makanike ya ce musu duk fetur mai irin wannan haɗi cinye inji yake yi. Wani kuma ya ce ai shi ne man da motocin tsere ke sha. Direban nan tsoro yake ji, don idan inji ya buga shi za a fara tuhuma, kuma albashinsa na shekara ba zai saya ba.

Na ce masa wanda nake wanke bod da shi ɗan uwan etanol ne, gidansu ɗaya amma ba shi ba ne. Sauran amsar kuma sai da na zauna na bi tarihin abin. Abin mamaki, makanikan nan biyu kowa yana da gaskiyarsa. Ku biyo ni.

MENE NE ETANOL, ME E10 KE NUFI?

Etanol sinadari ne da ake samu idan aka jiƙa abu mai sukari ko sitaci ya ruɓa, sannan aka tace shi. A Amurka da masara ake yi, a Brazil da rake, wasu ƙasashe da rogo ko alkama. Shi ne sinadarin da ke cikin barasa, shi ya sa wanda za a yi mai da shi ake gauraya shi da abin da zai hana a sha.

Lambar da ke bayan harafin E tana nuna yawansa. E5 kashi 5 cikin 100, E10 kashi 10, E85 har zuwa kashi 85, ragowar fetur ne.

Halayensa guda huɗu za ku riƙe, don duk tarihin nan a kansu yake juyawa.

Na ɗaya, yana da okten mai yawa, kusan 108. Okten shi ne juriyar mai ga matsi. A cikin inji, fistin yana matse iska da mai, sannan fulogi ya kyasta wuta. Idan mai ba shi da juriya, wani ɓangarensa sai ya fashe da kansa ba a kan lokaci ba, ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan aka daɗe a haka fistin yana iya ɓulewa. Injin motar gudu yana matse mai sosai, don haka yana buƙatar okten mai yawa.

Na biyu, yana sanyaya inda ya bushe. Duk wanda aka taɓa goga wa sifirit kafin allura ya san wannan sanyin. Haka yake sanyaya iskar da ke shiga inji, kuma iska mai sanyi ta fi ba da ƙarfi.

Na uku, kuzarin da ke cikin lita ɗaya ta etanol bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato sai an ƙona da yawa kafin a yi tafiya iri ɗaya.

Na huɗu, yana jan ruwa daga iska, kuma yana narkar da wasu abubuwa. Mu masu gyaran waya mun san wannan: ka ɗiga sifirit a gefen batir, gam ɗin ya saki. Abin da yake yi wa gam shi yake yi wa wasu irin roba a cikin tsohuwar mota.

Biyun farko alheri ne ga motar gudu. Biyun ƙarshe su ne inda matsala take.

1921: RANAR DA AKA ZAƁI DALMA

Mutane da yawa suna zaton etanol sabon abu ne da aka ƙirƙiro saboda sauyin yanayi. Ina! Tun farkon ƙarni na 20 ake gwada shi a injina a Jamus da Faransa, ƙasashen da ba su da isassun rijiyoyin mai amma suna da dankali da gwoza. Henry Ford kansa, mai kamfanin Ford, ya sha nuna cewa yana ganin man da ake samu daga amfanin gona shi ne man gaba.

A wancan lokacin babban ciwon kan masu ƙera mota shi ne ƙwanƙwasar nan. A kamfanin General Motors akwai wani injiniya, Thomas Midgley, yana aiki ƙarƙashin Charles Kettering, an ba shi aikin nemo magani. Sun san etanol yana maganin ƙwanƙwasa. Amma a watan Disamba 1921 Midgley ya gano wani sinadari na dalma wanda ɗan kaɗan kawai za a zuba a galan, inji ya yi shiru. Kuma shi wannan ana iya mallakar haƙƙinsa a ci riba a kan kowane galan, alhali etanol kowane manomi mai tukunyar tacewa zai iya yi.

A 1923 aka fara sayar da fetur mai dalma a garin Dayton na jihar Ohio. A watan Oktoba 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata matata da ke Bayway a jihar New Jersey saboda shaƙar sinadarin, wasu da yawa suka zauce. Duk da haka aka ci gaba. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinare ta fito. To irin wannan gubar ce motocin duniya suka yi shekaru suna fesawa a iska. Amurka ba ta hana shi gaba ɗaya a motocin titi ba sai 1996, kuma Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021. Kusan shekara ɗari kenan.

Amma etanol bai ɓace ba. A Ingila akwai wani fetur mai suna Cleveland Discol, haɗin fetur da etanol, wanda aka sayar tun shekarun 1930 har zuwa 1968, kuma masu son gudu suna nemansa da kuɗinsu. Ku lura da wannan: motocin da yau ake cewa tsofaffi ne, wasunsu sun sha etanol tun suna sababbi.

FILIN TSERE: INDA AKA FI SANIN DARAJARSA

A nan dole mu raba 'yan uwa biyu. Akwai etanol, akwai metanol. Sunansu ya yi kama, halinsu ya yi kama, amma metanol ya fi zafin hali: ya fi cin ƙarfe da roba, kuzarinsa ya fi ƙaranci, kuma guba ne mai makantarwa. Tsofaffin motocin tsere metanol suka fi sha.

A shekarun 1930 motocin tseren Jamus na Mercedes-Benz da Auto Union suna amfani da haɗe-haɗen mai masu metanol a ciki. Bayan yaƙin duniya na biyu, motar Alfa Romeo da ake kira Alfetta ta lashe gasar Formula 1 ta farko a 1950 da Giuseppe Farina, ta sake lashewa a 1951 da Juan Manuel Fangio. Injinta lita ɗaya da rabi ne kacal, bai kai na Corolla da yawa da ke yawo a titunanmu ba, amma yana ba da ƙarfin doki sama da 400. Sirrin shi ne ana cusa masa iska da ƙarfi, ana kuma sanyaya shi da ambaliyar metanol.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Motar tana shan fiye da lita ɗaya a kowace kilomita. A watan Yuli 1951, a filin Silverstone na Ingila, José Froilán González ya doke ta da Ferrari mai babban inji wanda bai kai ta ƙishirwa ba. Wannan ce nasarar Ferrari ta farko a gasar duniya, kuma ɗaukar mai da tsayawa shan mai suna cikin abin da ya ja wa Alfa baya. A 1958 hukumar gasar ta hana irin wannan mai, aka koma fetur na jiragen sama.

A Amurka labarin ya bi ta wata hanya mai ban tausayi. A tseren Indianapolis 500 na 1964, a zagaye na biyu, motar Dave MacDonald cike da fetur ta daki bango ta kama da wuta, Eddie Sachs ya afka mata. Dukansu biyu suka rasu. Baƙin hayaƙi ya rufe hanya har direbobin baya ba sa ganin gabansu. Daga 1965 aka sauya dokoki yadda kusan kowa ya koma metanol, don wutarsa ba ta hayaƙi kuma ruwa yana kashe ta. Ita ma da nata sharrin: da rana ba a ganin harshenta. A 1981 direba Rick Mears ya kama da wuta wajen zuba mai, yana ta tsalle yana bugun jikinsa, mutane ba sa ganin abin da ke ƙona shi.

A 2007 gasar IndyCar ta koma etanol kusan zalla, a 2012 ta koma E85. Gasar NASCAR ta fara amfani da E15 a 2011. Ita ma Formula 1 ta dawo gida, a 2022 ta sa dokar E10. To kun ga makanike na biyu bai yi ƙarya ba.

Amma ku tuna abu ɗaya. Motar tsere tun daga tanki har nozul an ƙera ta ne don man da za ta sha, kuma bayan tsere ana kwance ta a duba komai. Ba a barinta a gareji wata huɗu da rabin tanki.

BRAZIL: ƘASAR DA TA YI GWAJIN DA KOWA YA KOYA

Tun 1931 gwamnatin Getúlio Vargas ta sa dokar zuba etanol kashi 5 a fetur ɗin da ake shigowa da shi. Amma babban sauyi ya zo ne bayan rikicin mai na 1973, lokacin da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu. Brazil a lokacin mafi yawan manta daga waje take saye, ga kuma gonakin rake iya ganinka. A watan Nuwamba 1975 shugaba Ernesto Geisel ya ƙaddamar da shirin Proálcool.

A 1979 Fiat 147 ta fito, motar farko da aka ƙera da yawa don shan etanol zalla. 'Yan ƙasar suka yi mata laƙabi da sunan barasarsu ta rake, saboda warin da salansarta ke fitarwa.

Motocin farko sun ba mutane wahala. Kafireta tana tsatsa, tanki yana ruɓewa, da safe idan akwai sanyi mota ta ƙi tashi. Injiniyoyi ba su ce man ne ba shi da kyau ba, sai suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Aka shafe cikin tanki da kuza, aka lulluɓe kafireta da nikel, aka sauya tiyo da robobi, aka ƙara wani ɗan ƙaramin tankin fetur don tayar da mota da asuba. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 mafi yawan sababbin motocin da ake sayarwa a Brazil masu shan etanol zalla ne.

Sai kasuwa ta juya. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, na sukari ya tashi, masu masana'anta suka koma yin sukari. A 1989 zuwa 1990 etanol ya yi ƙaranci, masu motoci suka yi ta layi a gidajen mai da motar da ba ta iya shan komai sai shi. Mu da muka san layin mai mun san wannan baƙin cikin. Mutane suka juya wa motocin baya.

Abin da ya dawo da amana shi ne kwamfuta. A watan Maris 2003 Volkswagen ta fitar da Gol Total Flex, motar da za ka zuba mata fetur, ko etanol, ko ka haɗa su yadda ka ga dama. Akwai na'ura a bututun hayaƙi da ke auna iskar da ta rage bayan ƙonewa, ta gaya wa kwamfutar mota, wadda makanikanmu ke kira biren bos, ita kuma ta ƙara ko ta rage man da ake fesawa. Yau fetur na yau da kullum a Brazil ba ya rasa etanol: kashi 27 tun 2015, aka ɗaga zuwa 30 a watan Agusta 2025. Kuma ana sayar da Porsche da Ferrari a ƙasar.

AMURKA DA TURAI: RIGIMAR E10

Da aka fara cire dalma, sai da aka nemo abin da zai riƙe okten. A Amurka aka rungumi wani sinadari mai suna MTBE, sai aka gano yana zubowa daga tankunan ƙarƙashin ƙasa yana ɓata ruwan sha. Jihar Kalifoniya ta hana shi daga 2004, wasu jihohi suka bi. Dokar makamashi ta 2005 ta tilasta haɗa man da ake sabuntawa a fetur. Daga nan E10 ya zama kusan shi ne fetur a Amurka. Ma'ana duk Mustang, Corvette da Camaro da ke yawo a can shekara da shekaru E10 suke sha. Daga baya hukumar kare muhalli ta ƙasar ta amince da E15, amma ga motocin 2001 zuwa sama kawai. Ban da babura, ban da jiragen ruwa, ban da ƙananan injina irin na yankan ciyawa da janareta.

Faransa ta fara sayar da E10 a 2009 ba tare da hayaniya sosai ba. Jamus kuwa da ta kawo shi a farkon 2011 sai aka yi rikici. Fiye da kashi 90 na motocin ƙasar za su iya sha lafiya lau, amma ba a yi wa mutane bayani ba, mai gidan mai bai sani ba, direba bai sani ba. Jama'a suka ƙaurace masa suka yi ta sayen mai tsada, har sai da gwamnati ta kira taron gaggawa a watan Maris na shekarar. Birtaniya ta jira har Satumba 2021, ta buɗe shafin da za ka duba motarka, ta kuma bar E5 a famfon mai tsada don masu tsofaffin motoci. Indiya ma ta shiga irin wannan taƙaddama a 2025 da E20 ya mamaye gidajen mai, masu motocin da aka ƙera kafin 2023 suna kukan mota ta ƙara shan mai.

Jerin da kamfanoni suka fitar a Turai yana da abin koyo. BMW ta ce duk motocinta masu fetur za su iya shan E10 idan okten ya kai abin da littafin motar ya ce. Porsche ta amince wa Boxster daga samfurin 1997, sauran daga 1998, amma ta cire Carrera GT, mota mai tsadar gaske da aka ƙera bayan 2003. Tsofaffin 911 masu sanyaya inji da iska su ma ba sa ciki. To kun ga tsada ba ita ce ma'auni ba.

Ga wanda ya shafe mu, tunda motocin Kwatano da yawa daga Turai suke fitowa. A cikin waɗanda ba a amince wa E10 ba akwai Toyota Avensis mai injin 1AZ-FSE na 2000 zuwa 2008, da Mercedes C200 CGI na 2002 zuwa 2005, da Golf masu injin FSI na farko. Dukansu injina ne na farkon zamanin fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, kuma an yi wasu sassan hanyar man da alminiyam wanda etanol kan ci a irin wannan matsi da zafi.

DA MOTOCIN GUDU SUKA FARA NEMANSA DA KANSU

A 2005 kamfanin Saab na Suwidin ya fitar da 9-5 BioPower. Da fetur tana ba da doki 150, da E85 tana ba da 180. Inji ɗaya, mai kawai aka sauya. A 2007 Koenigsegg, shi ma na Suwidin, ya fitar da CCXR mai doki 1,018 da E85, alhali 'yar uwarta CCX mai shan fetur 806 take bayarwa. Jesko ta kamfanin tana ba da 1,280 da fetur, 1,600 da E85. A 2023 Dodge ta fitar da Challenger Demon 170: doki 900 da E10, 1,025 da E85.

Dalilin shi ne halayen nan biyu na farko. Da kwamfuta ta gane akwai etanol da yawa, sai ta bar tabo ya ƙara cusa iska, ta matso da lokacin kyasta wuta, ba ta tsoron ƙwanƙwasa. Kamar waya ce mai karɓar caji mai sauri: idan waya da caja sun fahimci juna, cikin minti talatin ta cika. Ka haɗa wuta mai ƙarfi kai tsaye da wayar da ba a yi ta don haka ba, gobe ka kawo min ita ayisin caji ya ƙone.

Haka E85 yake a motar da ba a yi ta dominsa ba. Fetur yana son iska kusan kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai, etanol kuwa kusan 9 kawai. Wato dole a fesa mai da yawa. Idan famfo da nozul ba za su iya ba, mai ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, fitilar gargaɗi ta kama, idan aka matsa masa a yi asara.

MU FA A NAN?

Nijeriya ta fitar da manufar man tsirrai a 2007 da burin kaiwa E10 ta hanyar rogo da rake, amma har yau ba ka zuwa gidan mai ka ga famfo an rubuta E5, wani E10, kamar a Turai. Malawi kuwa tun 1982 take haɗa etanol na rake a fetur ɗinta.

Abin da ya sa mutanenmu ke tsoron wannan magana shi ne abin da ya faru a watan Fabrairu 2022, da aka shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai metanol fiye da ƙima. Motoci suka lalace, aka janye man, layi ya dawo a Legas da Abuja da sauran garuruwa. Wancan metanol ne, kuma ba a auna shi don mota ba. Kada a shafa wa E10 kashin kaji da laifin ɗan uwansa.

A ganina, mai motar gudu a ƙasar nan abin da ya fi kamata ya dame shi biyu ne: okten, tunda fetur iri ɗaya ake sayarwa a mafi yawan gidajen mai alhali motarsa tana iya neman 95 ko 98, sai kuma man da aka yi wa algus.

TO MENE NE HUKUNCI?

1. Buɗe murfin tanki ka duba, sannan ka duba littafin motar. A Turai tun 2018 ana sa alamar da'ira da E5 ko E10 a ciki. Abin da aka rubuta shi ne iyakarka. An rubuta E10, to E10 da abin da ya gaza shi lafiya lau ne. Motocin Amurka masu shan E85 galibi murfinsu ruwan ɗorawa ne.

2. Motar gudu ta zamani da kamfaninta ya amince mata, E10 ba zai yi mata komai ba. Abin da za ka gani kawai shan mai ya ƙaru da kamar kashi 3 cikin 100.

3. Tsohuwar mota mai kafireta, nan ne makanike na farko yake da gaskiya. Tsofaffin tiyo suna kumbura ko su tsage, robar cikin famfon mai ta saki, kafireta ta yi fari-fari a ciki. Etanol kuma yana wanko tsohuwar dattin tanki ya tura ta cikin filta. Tiyo mai ɗiga a kan inji mai zafi gobara ce, ba wasa ba. A sauya tiyo da robobi da irin na zamani masu jure etanol, a riƙa duba filta.

4. Babban abokin gaba shi ne ajiya. Motar gudu ba kullum ake hawanta ba. Idan ta daɗe da rabin tanki, musamman da damina, etanol yana jan raɓa. Ruwan da ya kai kamar rabin kashi ɗaya cikin 100 ya isa ya sa etanol da ruwa su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Na sama kuma okten ɗinsa ya ragu. Idan za ka ajiye ta, cika tanki, rufe da kyau, ka riƙa fita da ita tana zagayawa.

5. Janareta da babur su ma haka. Ni idan zan yi kwanaki ban buɗe shago ba, ina rufe makunnin mai in bar janareta ya ƙone na cikin kafireta har ya mutu da kansa.

6. Kada ka zuba E85 don ka ga bidiyon wani yana cewa yana ƙara gudu, sai idan an ƙera motar dominsa ko ƙwararre ya sauya famfo, nozul da saitin kwamfuta.

YADDA ZA KA GWADA MAN DA KA SAYA

Samo siririyar kwalba mai murfi wadda ake ganin ciki. Zuba ruwa mililita 10, sirinji zai taimaka maka wajen awo, ka ja layi da maka daidai inda ruwan ya tsaya. Ƙara fetur mililita 100, rufe, girgiza sosai, ka ajiye minti goma. Ruwa zai koma ƙasa. Idan yana nan a kan layinka, babu etanol a ciki. Idan ya haura, ruwan ya janyo etanol daga cikin fetur ne, kuma idan ya kusa ninkawa to haɗin ya kai wajen kashi 10. Gwajin ba ya bambance etanol da metanol, amma idan ka ga ya haura nesa da haka, kada ka zuba wa motar da ba a yi ta don shi ba. Don Allah a yi shi a waje, nesa da wuta da sigari da yara, kuma kada a zubar a kwata.

Direban nan ya dawo karɓar wayarsa, na ce masa murfin motar maigidansa ya riga ya ba shi amsa: an rubuta E10, to an ƙera ta don ta sha. Abin da zai kiyaye shi ne ya daina sayen na 'yan bumburutu a galan, ya riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya riƙa karɓar rasit, kuma kada a bar ta wata da watanni a rufe da ɗan mai a ƙasan tanki. Ya yi dariya ya ce maganar rasit ɗin ce ta fi masa amfani.

Wanda yake da mota bai gane abin da aka rubuta a murfinta ba, ya ɗauki hoto ya ajiye mana a ƙasa tare da sunan motar da shekararta, za mu duba tare in sha Allah. Makanikan da ke cikinmu kuma, idan akwai inda na yi kuskure a gyara min, ni bod na sani, ku kuka san inji. A tura wa wanda zai amfana.